Wuƙa da Nama

A ofishin lauya, hawa na biyu, a Setúbal,
ƙamshin gasasshen kifi na shigowa ta taga.
Lauyar ta karanta shafi huɗu ba ta sha ruwa ba,
ta ɗago: "Amândio Carrapiço, ka fahimta?"
Ranar hankalin Baba yana gida.
Ya ce, "Matuƙi ya san lokacin miƙa sitiyari."
Ya sa hannu.
Sunan da ke tashi da can kamar igiyar ruwa
yau rarrafe ya yi har ƙarshen layi.

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa jirgin fito
daga wannan gaɓa zuwa Tróia, ya dawo,
bai taɓa zubar da ko hular fasinja ba.
Shi ya riƙe yatsuna, ina 'yar shekara biyar,
muka rubuta Leonilde a bayan tikiti.

Wai yanzu wuƙa da nama suna hannuna.
Ba wanda ya gaya mini
naman na ubana ne.

A banki ni ake kallo.
Baba na gefe, hula a hannu,
kamar wanda ya rako baƙuwa.
Ni ke karɓar fansho, ni ke biyan kuɗin wuta,
ni na ce wa likita a'a, sannan na koma na ce to.
Ni na ɓoye makullin mota a cikin tulun shinkafa,
na taya shi nema har dare.

Duk Lahadi Telmo na kira daga Luxembourg.
"Nawa ya rage? Kina ajiye rasit?"
Ina ajiyewa, ƙanena,
a gwangwanin biskit ɗin Mama, an ɗaure da roba.
Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo,
amma ba a ba da rasit na daren da aka kwana a kujera.

Watan Fabrairu lissafi ya ƙi haɗuwa.
Filomena da ke zuwa yi masa wanka
ita ma tana da haya da jikoki.
Abu ɗaya ya rage: ƙaramin kwalekwalensa shuɗi
da ke ɗaure a bakin kogin Sado,
wanda yake tambaya kowace safiya,
"An yi masa fenti?"
ko da ya manta ko ya karya kumallo.

Mai saye ya zo, saurayi mai gidan abinci,
zai cika shi da ƙasa ya shuka furanni a ƙofa.
Doka ba ta buƙatar Baba.
Minti biyu, sa hannuna, hatimi, shi ke nan.

Duk da haka na buga takardar kwafi biyu.
Da yamma na kai masa ɗaya a teburin kicin,
na faɗa masa gaskiya, a hankali, sau uku.
Ya daɗe yana kallon biron
kamar wani kifi da bai san sunansa ba.
Sannan ya sunkuya, ya rubuta,
harshe a gefen baki, irin na ɗan makaranta.

Ba Amândio ya rubuta ba.
Idalina ya rubuta,
sunan da ke jikin kwalekwalen,
sunan matar da ta haife ni,
harafi bakwai, ba ko ɗaya da ya karkace.

Ya miƙo mini. "An gama?"
Na ce an gama, Baba.
"To a yi masa fenti kafin ya tafi."

Tawa takardar tana ofishin rajista.
Tasa tana cikin gwangwanin,
ƙarƙashin rasit na gwangwani biyu na shuɗin fenti,
wanda ban san yadda zan yi wa Telmo bayaninsa ba.